Kafin Alƙalami Wajen Sayen Motar Gwanjo da Bashi: Hukuncinsa da Lissafinsa

Kafin alƙalami shi ne kuɗin da mai saye yake fara bayarwa, sauran kuma ya riƙa biya daga baya. A Wagadugu an fi kiransa da sunan Faransanci, avance, a takardun banki kuma apport personnel. Tambaya a kansa ta yawaita a bakin matasanmu na Zango, musamman masu tara kuɗi don motar gwanjo irin ta gudu, mai babban inji da gajeren ƙasa. Son mota ba laifi ba ne, buƙatarta ma ta ƙaru tun da aikin ZACA ya rushe tsohuwar unguwar Zangouettin a 2003, jama'a suka watsu zuwa Ouaga 2000 da Nioko, nesa da kasuwar Rood Woko. Abin dubawa shi ne irin cinikin da aka ƙulla, da abin da zai biyo bayan karɓar makulli.

Burkina Faso ba ta da teku. Motocin da ake yi wa laƙabi da France au revoir ta tashoshin Lome da Kwatano da Tema suke shigowa, ta Lome kuma sai ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000, ta ƙetare iyaka a Cinkassé. Saboda haka farashin da aka faɗa a Lome ba shi ne farashin mota a ƙofar gida ba. Akwai kuɗin kawowa, da na duwan, da takardar mallaka ta carte grise, da gwajin lafiyar mota a CCVA, da inshora, da harajin ababen hawa na TVM da aka fara karɓa a 2019. Sauƙi ɗaya da mai tari yake da shi a nan shi ne sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, ba ta yin irin faɗuwar da naira ta yi wa 'yan'uwanmu na Kano suna cikin tari.

Suna ɗaya, ciniki uku

Na farko shi ne wanda ake kai wa banki ko asusun ba da lamuni, su ranta maka ragowar kuɗin da ƙari gwargwadon tsawon lokaci. Wannan kuɗin ruwa ne, kuma yawan abin da ka fara bayarwa ba ya canza hukuncinsa, rage nauyinsa kawai yake yi. A 2014 ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma sun ƙayyade iyakar ruwan da kashi 15 cikin 100 a bankuna, kashi 24 a ƙananan asusai. Iyakar doka ce, ba ta shari'a ba.

Na biyu shi ne arabun: ka ba dillali ko mai mota wani abu don ya ajiye maka ita, da sharaɗin in ka saya ya shiga cikin farashi, in ka fasa ya zama nasa. Mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, ta hana wannan sharaɗin, kuma mas'alar tana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik. Hanbaliyya sun halatta shi, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta halatta shi a zamanta na Brunei a 1993, muddin an yanke wa'adin jira. Mu dai abin da muka fi natsuwa da shi shi ne a rubuta cewa za a mayar da kuɗin in ciniki bai faɗa ba, don a kan wannan babu saɓani.

Na uku shi ne murabaha, wadda sassan hada-hadar Musulunci irin su Baraka na Coris Bank suke aiki da ita, a ƙarƙashin ƙa'idojin da babban banki BCEAO ya fitar a 2018. A nan banki ne yake sayen motar ta zama tasa, sannan ya sayar maka da farashin da aka yanke, har da ribarsa a fili. (Kalmar riba tana rikita mutane a Hausa: ribar ciniki daban, ribar bashi da aka haramta daban.) Majalisar Fiƙihu ta amince da wannan ciniki a Kuwait a 1988, da sharaɗin mai sayarwa ya mallaki kayan kuma ya karɓe su kafin ya sayar. A Jidda a 1990 ta ƙara da cewa ya halatta farashin biya sannu a hankali ya fi na kuɗi hannu, amma ba a ƙara wa wanda ya makara ko sisi a kan bashinsa. Kuɗin da ka ajiye kafin a ƙulla cinikin amana ne mai nuna da gaske kake; in ka janye, banki ba zai ɗauki fiye da ainihin asarar da ya yi ba. Tambayar da za ka yi a gaban tebur guda ce: a lokacin da nake sa hannu, motar ta wa ce? Idan bankin bai taɓa mallakarta ba, kuɗi kawai ya tura wa dillali, to an koma ciniki na farko da sabon suna.

Lissafin da ake tsallakewa

Mu ɗauki misali, ba farashin kasuwa ba. Mota ta tsaya a kan sefa 6,000,000, an nemi kashi 30 cikin 100, wato 1,800,000. Mai ajiye 75,000 duk wata zai haɗa shi cikin wata 24. Saura 4,200,000; in ribar mai sayarwa 840,000 ce, bashin ya zama 5,040,000, a raba wata 36, ya kama 140,000 duk wata. Mutumin da da ƙyar ya iya ware 75,000 yanzu ana binsa kusan ninki biyu, bai sha mai ba, bai ga makaniki ba. Shi ya sa muke ba da shawara mai tari ya gwada kansa tun yanzu: ya riƙa ajiye daidai abin da za a riƙa karɓa daga baya, na tsawon wata shida. In ya iya, kafin alƙalaminsa ya ƙaru. In ya kasa, ya gane kafin ya sa hannu.

Motar gudu tana ƙara wa lissafin nauyi. Inshora da harajin TVM da ƙarfin inji suke tafiya. Litar fetur ta kai sefa 850 a 2023, babban inji kuma ba ya tausayi. Gajeren ƙasan da yake burge mutane a kan titin Kwame Nkrumah shi ne yake karo da kwazazzabai a unguwannin da babu kwalta idan damina ta sauka, kayan gyaranta kuma ba kamar na Toyota ba ne da ake samu a kowane lungu. Mai iyali ya tuna ciyarwa wajibi ce a kansa, ita ke gaba da biyan bashin abin sha'awa.

Wajen ajiya da zakka

Adashi shi ne hanyar da muka saba, kuma mafi yawan malaman zamani sun halatta shi tunda kowa abin da ya zuba yake ɗauka. A rubuta shi da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta koyar game da bashi. Asusun ajiya na banki yana ba da ruwa, don haka asusun da ba ya haihuwa ya fi dacewa.

Niyyar sayen mota ba ta ɗauke zakka. Idan kuɗin ya kai nisabi, kimar giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa bisa saɓanin malamai kan kuɗin takarda, kuma shekara ta zagayo, a fitar da kashi 2.5 cikin 100. Motar hawa kanta ba a yi mata zakka.

Kafin a miƙa ko da jaka ɗaya, a kai makanikin da ba na dillali ba ya duba injin, a gwada lambar jikin motar da wadda ke takarda, a ga takardun duwan na asali, a kuma tabbatar ba a jinginar da ita ga wani banki ba, don jingina motar take bi ko da ta canza hannu.