Lambar da ta fi ƙarfin mazubinta

Mai karatu, in kana da Python a kwamfutarka, rubuta int(2.9) ka gani. Za ta ba ka 2, ba 3 ba. Ba ruwanta da wace cikakkiyar lamba ce ta fi kusa, datse abin da ke bayan ɗigo kawai take yi. Gwada round(2.5) kuma, sai ka sake ganin 2, amma round(3.5) ya ba ka 4. Da gangan ne. In lamba ta tsaya daidai tsakiya, ana kai ta ga wadda biyu ke rabawa ba saura, don kada dubban lissafi su riƙa karkata gefe guda. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ma hanyar da ta ɗauka ke nan.

Kada ka raina wannan ɗan guntun da ake zubarwa. A 1982 kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada ta buɗe sabon ma'auninta a kan 1000. Bayan kowane ciniki sai a sake lissafi, a datse shi zuwa gurbi uku bayan ɗigo. Kafin Nuwamban 1983 ma'aunin ya sauko 524.811. Da aka sake lissafin yadda ya kamata, sai ga shi 1098.892.

To, wannan wutsiyar lamba ce aka yanke. Akwai wanda ya fi shi muni, wato lamba ta fi girman wurin da za a zuba ta.

Ranar 4 ga Yuni, 1996, aka harba rokar Ariane 5 karo na farko daga Kourou, a Giyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu masu suna Cluster. Na'urar da ke auna inda rokar ta dosa tana amfani da manhajar da aka gada daga Ariane 4, an rubuta ta da yaren Ada. A cikinta akwai wata lamba mai ɗigo, mai bit 64, da ke da alaƙa da gudun rokar a kwance. Manhajar na mayar da ita cikakkiyar lamba mai bit 16, wadda ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A Ariane 4 lambar ba ta kaiwa nan. Ariane 5 kuwa hanyarta dabam, tana tara gudu a kwance da sauri sosai. Wajen daƙiƙa 37 da kunna injin, lambar ta yi ambaliya, na'urar ta tsaya cak.

Za ka ce ai akwai ta ko-ta-kwana. Akwai, amma manhajarsu ɗaya sak, har ma ta riga ta faɗi da kashi 72 cikin dubu na daƙiƙa. Babbar kwamfutar rokar ta karɓi saƙon matsala, ta ɗauka bayanin tafiya ne, ta juya bakin injina da ƙarfi. Rokar ta karkace, ta fara ɓallewa, ta tarwatsa kanta.

Kwamitin binciken da masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya jagoranta ya gano cewa injiniyoyin sun san da haɗarin. Lambobi bakwai suka duba, suka sa wa huɗu kariya, suka bar uku, don ba a son aikin kwamfutar ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta, kuma lissafinsu ya nuna ukun ba za su cika mazubi ba. A ganina wannan ba sakaci ba ne, hujja ce mai kyau, amma ta Ariane 4. Abin takaicin ma shi ne, sashen manhajar da ya faɗi aikinsa daidaita na'urar kafin tashi. An bar shi yana gudana kusan daƙiƙa 40 bayan tashi saboda wata buƙata ta Ariane 4 da Ariane 5 ba ta da ita.

Sai a 2000 aka harba sababbin taurarin Cluster, a kan rokokin Soyuz daga Baikonur.