Tabbacin Muhalli ga Iyalan Hausawa a Head Bridge

A Head Bridge, bakin gadar Neja ta Onitsha wadda aka kammala a 1965, Hausawa sun daɗe suna fataucin albasa, tumatir da dabbobi. Da yawansu masu iyali ne, wasu kuma ɗakin kwanansu na kwano ne da katako, jingine da rumfar sana'a. Abin da ke jefa waɗannan iyalai a titi shi ne rashin tabbacin zama, fiye da ƙarancin gini.

Tsarin zango ya daɗe yana rufa wa baƙo asiri. Abner Cohen ya nuna a nazarinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan yadda maigida ke sauke falke, ya adana masa kaya, ya tsaya masa wajen ciniki. Sai dai falke mai tabarma da buta aka yi wa tsarin. Uwa mai goyo da yara 'yan makaranta tana buƙatar ɗakin da zai ɗore. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna; mutumin da ba shi da takarda kuwa, ko ya shekara talatin, zaman aro yake yi.

A Fabrairun 2006, ramuwar gayyar rikicin Maiduguri ta kori iyalai daga Onitsha, wasu suka tsallaka Asaba, wasu suka fake a barikin soja. A Fatakwal, rusau na unguwar Njemanze a 2009 ya bar dubban talakawa ba makwanci. Kowace kora tana yanke wa yaro karatu.

Bincike ya nuna mafita. A Amurka, nazarin Family Options kan iyalai kusan 2,300 ya gano cewa tallafin kuɗin haya mai ɗorewa ya fi gidajen wucin gadi hana iyali komawa matsugunin marasa gida. Finland ma tun 2008 take fara ba marasa muhalli gida kafin sauran taimako.

Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan Nijeriya 'yancin zama ko'ina. Ya kamata gwamnatocin Anambra, Ribas da Inugu su ƙidaya iyalan tare da sarakunan Hausawa, su ba su takardar haya ta dogon zango, kada a rushe ɗaki sai an tanadi wani. Attajiranmu kuma su karkata wani kaso na zakka da waƙafi ga hayar gidajen masu yara, domin haƙƙin nan yana wuyan kowa.