Tsakanin Tudu da Ruwa: Tarihin Diyyar Ma'aikatan Gaɓar Teku a Amurka

Duk wanda ke ba da hayar kwale-kwale ko babur ɗin ruwa a gaɓar Florida, in ya je yankar wa ma'aikatansa inshorar diyya, tambayar da za ta fara tare shi ita ce: yaran nan naka a ina suke wuni, a kan tudu ko a cikin jirgi? Amsar ce za ta nuna wace doka ta hau kansu cikin guda uku: ta jiha, ta 'yan dakon tashar jiragen ruwa, ko ta ma'aikatan jirgi. A ganina wannan tsari gadon wata tangarɗa ce da aka yi fiye da shekara 100 ana yi wa faci, ba a taɓa gyara ta daga tushe ba.

Jamus ce ta buɗe hanyar diyyar ma'aikata a 1884, zamanin Bismarck, Ingila ta biyo baya a 1897. Cinikin da aka ƙulla mai sauƙi ne. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki zai karɓi kuɗin magani da wani kaso na albashinsa ba tare da ya tabbatar da laifin ubangidansa ba, shi kuma ya haƙura da kai ƙara. Jihohin Amurka sun kama wannan hanya gadan-gadan daga 1911. Sai ga abin da ya faru a New York a watan Agustan 1914. Wani ɗan dako mai suna Christen Jensen yana tuƙa ƙaramar motar lantarki ɗauke da katako daga cikin jirgin El Oriente zuwa kan tasha. Yana fitowa da baya kansa ya bugi bakin ƙofar jirgin, wuyansa ya karye, nan take rai ya yi halinsa. Hukumar jihar ta yanke wa matarsa da 'ya'yansa diyya. Ubangidansa, kamfanin Southern Pacific, ya ce bai yarda ba, magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1917 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu da cewa tunda mutumin a kan ruwa ya mutu, dokar jiha ba ta da hurumi. Da ya ƙara 'yan taku kaɗan ya hau tudu kafin ajali ya cim masa, da iyalinsa sun ci diyyarsu babu gardama.

Daga nan aka shiga faci. Sau biyu Majalisar Dokokin Tarayya ta yi yunƙurin miƙa wa jihohi wannan iko, a 1917 da 1922, kotun ta rushe duka biyun. A 1920 aka yi dokar Jones, wadda ta ba ma'aikacin jirgi damar kai ƙarar ubangidansa in sakaci ne ya jawo raunin. 'Yan dako kuwa sai 1927 suka samu tasu dokar ta tarayya, aka faɗaɗa ta a 1972 ta haɗa har da wuraren lodi da ke bakin ruwa. To amma duk waɗannan dokoki domin manyan jiragen kaya aka yi su, ba wanda ya hango mai koyar da nutso ko yaron da ke zuba wa jiragen shaƙatawa mai. Da sana'ar wasannin ruwa ta bunƙasa, masu ita suka tsinci kansu cikin inshorar tarayya mai tsada, suka yi ta kuka. Gyaran 1984 ya cire ma'aikatan wuraren shaƙatawa da yawancin na matsayar ƙananan jirage daga dokar 'yan dako, bisa sharaɗin cewa dokar jiha ta rufe su. An rage wa mai sana'a nauyi, ba shakka. Amma layin nan da shari'ar Jensen ta shata tsakanin tudu da ruwa yana nan daram, an dai matsar da shi ne kawai.

Masu kare tsarin suna da hujja biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce wadda kotun 1917 ta kafa: jirgi yana ratsa jihohi da ƙasashe, dole doka ɗaya ta bi shi duk inda ya nufa. Wannan gaskiya ne ga jirgin da ke tsakanin New York da Galveston. Amma kwale-kwalen da ke zaga masu yawon buɗe ido na awa biyu ya dawo inda ya taso, wace ƙasa ya ratsa? Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Ana cewa ma'aikacin jirgi ya ma fi morewa, domin tsohuwar al'adar teku, wadda ake samun tushenta tun dokokin tsibirin Oléron na ƙarni na 12, ta wajabta wa mai jirgi ciyar da shi da yi masa magani, ga kuma damar ƙara da ka iya kawo masa kuɗin da suka ninka na jiha. Haka ne, in ya yi nasara. Sai dai kafin nan dole ya tabbatar da cewa shi ma'aikacin jirgi ne, kuma a nan gizo ke saƙa. A shari'ar Chandris ta 1995 Kotun Ƙoli ta amince da ma'aunin cewa wanda bai kai kusan kashi 30 cikin 100 na lokacin aikinsa a jirgi ba, yawanci bai cancanci wannan matsayi ba. Yanzu a duba ma'aikacin ƙaramin kamfanin wasan ruwa. Da safe yana sayar da tikiti a rumfa, da rana yana tuƙa jirgin da ke jan masu sulu, da yamma yana wanke rigunan kariya. Wa ke rubuta masa awannin? Ranar da farfela ta yanke masa ƙafa, kamfanonin inshora biyu ne za su tsaya kowane yana nuna ɗan'uwansa, shi kuwa yana kwance a asibiti.

Shi ya sa mai sana'ar da ke tsoron ɓacin rana yake sayen inshora biyu a kan ma'aikaci ɗaya. Dokar da ke tilasta haka ta gaza a kan abin da aka ƙirƙiro diyya dominsa tun 1884, wato a biya mai rauni da wuri ba tare da shari'a ba.