Narka azurfa a Zariya

Narka azurfa sana'a ce ta maƙeran fari, wato masu aikin azurfa da tagulla, saɓanin maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da gatari. A Zariya, tsofaffin zobba da karyayyun awarwaro da 'yan kunnen da suka rasa 'yan'uwansu kan faɗo hannun maƙeri daga kasuwanni irin na Sabon Gari da Samaru. A da, har liyari ake narkawa, kuɗin azurfar nan na Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780.

Maƙeri kan auna tarkacen, ya tsince gurɓatattu, ya zuba a ɗan kaskon yumɓu bisa garwashin gawayi, yana hura wuta da zugazugi. Tsantsar azurfa tana narkewa a zafin digiri 962 a ma'aunin Salshiyos. Da ta zama ruwa, sai ya ɗauko kaskon da awartaki ya tsiyaye a kwarmin da aka ɗumama, domin danshi ko kaɗan yakan sa ta fantsama. Nan gwaninta take.

Sandar da ta fito ita ake bugawa a uwar maƙera ko a ja ta ta zama waya. Tsantsar azurfa tana da laushi, shi ya sa ake haɗa ta da jan ƙarfe. Lambar 925 da ake gani a jikin kayan azurfa na nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce.