Daga Makarantar Akawuna Zuwa Manyan Kujeru: Tarihin Kongo da Ma'aikatan Arewa

Harabar Kongo da ke Zariya ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello da take ƙarƙashinta da shekara goma sha biyar. A 1947 aka buɗe ta a matsayin wurin horar da akawuna, kuma abin da ake nema daga ɗalibinta a lokacin bai taka kara ya karya ba: ya iya buga tafireta, ya san inda ake ajiye fayil, ya rubuta rasit babu kuskure. Ofisoshin Kaduna da na larduna cike suke da akawuna 'yan Kudu, kujerun Razdan da Di'o kuwa na Turawa ne. Ɗan Arewa da ya gama Midil ko Kwalejin Kaduna yawanci malanta yake yi, ko ya shiga aikin En'e.

En'e ɗin ce ta fara tayar da maganar. A watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a binciki tsarin baki ɗayansa, a lokacin da taɓa ikon sarakuna ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Binciken da ya biyo baya ya kai ga dokar En'e ta 1954. A shekarar ne kuma aka ɗaga makarantar akawunan ta zama Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki, Sardauna ya zama Firimiya, manufar cike gurabun aiki da 'yan Arewa ta samu mai tsaya mata. Sai dai manufa ba ta zama kan kujera. Dole a samo mutumin da zai zauna, kuma ya iya aikin.

Daga 1957 Kongo ta fara kwas na musamman don shirya 'yan Arewa su gaji Turawan mulki. Cikin malaman akwai Anthony Kirk-Greene, tsohon Di'o a Adamawa, wanda masu karatun Hausa suka fi sani da tarin karin maganarsa, Hausa Ba Dabo Ba Ne. Aikin da ake shirya samarin nan su karɓa ba na zaman ofis ba ne. Mataimakin Di'o yana fita rangadi ya kwana a bariki, da safe ya zauna da hakimi da malamin haraji a buɗe littafi, a bi sunayen masu gida ɗaya bayan ɗaya. Zai duba ko kuɗin jangali ya yi daidai da shanun da aka ƙirga, ya shiga baitulmali ya sa ma'aji ya buɗe asusu a ƙidaya a gabansa, ya leƙa gidan yari, ya karanta littafin shari'ar alƙali. Wanda ya yi wannan shekara biyu ya san ƙasa da tafin ƙafarsa, kuma da wuya a rufe shi da lissafin ƙarya in ya zama babban sakatare.

Ba su kaɗai ke Kongo ba. Da aka kafa sabuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, can aka riƙa kai alƙalai da ma'aikatan kotu su koyi aiki da ita. Dattijo mai rawani da ya ƙoshi da Risala da Muhtasar ya koma aji yana bin sassan doka da lamba. Ma'ajin En'e da magatakardan majalisa su ma suna zuwa kwas su koma gida. Wannan cuɗanya ta saurayi mai shirin zama Di'o da dattijon da ya shekara ashirin a bakin aiki, a ganina, ita ce ƙarfin wurin.

Ranar 4 ga Oktoban 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, cibiyar ta shiga cikinta, satifiket ya fara zama difloma da digiri. Jami'ar Pittsburgh ta Amurka ta aiko da malamai, 'yan ƙasa kuma suka tafi can ƙaro ilimi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mahmud Tukur, wanda ya shugabanci cibiyar, ya zama shugaban farko na Jami'ar Bayero, sannan ministan ciniki da masana'antu a 1984. Bincikensa na digirin digirgir ya koma ne kan tsarin mulkin Daular Usmaniyya, yana neman ƙa'idojin shugabanci a rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello maimakon dogaro da littattafan waje kaɗai.

Gwaji mafi girma ya zo a 1967, lokacin da aka raba Jihar Arewa gida shida. Ma'aikatan da suke riƙe da gwamnati ɗaya a Kaduna aka rarraba su su kafa shida, ga yaƙin basasa, ga ficewar dubban ma'aikata 'yan Gabas. Duk wanda ya fito da digiri a shekarun nan aiki ne ke jiransa, wani lokaci har da mota da gida. A harabar jami'ar ta Samaru kuma tsangayar fasaha da kimiyyar zamantakewa ta bunƙasa, ta shahara da zafin muhawara, ta fara yaye masu tattalin arziki da kimiyyar siyasa.

Daga wannan zubin ne sunayen da aka sani suka fito. Atiku Abubakar ya yi diflomar shari'a a Kongo ya shiga kwastan a 1969. Yayale Ahmed, ɗalibin kimiyyar siyasa, ya hau matakan aikin gwamnati har ya shugabanci ma'aikatan tarayya daga 2000 zuwa 2007, daga baya ya zama sakataren gwamnati. Shamsuddeen Usman da Mansur Muhtar sun riƙe ma'aikatar kuɗi ɗaya bayan ɗaya, Zainab Shamsuna Ahmed ta riƙe ta daga 2018 zuwa 2023. Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gama tattalin arziki a 1981, ya zama gwamnan Babban Banki a 2009. Tijjani Muhammad-Bande ya shugabanci babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019. Attahiru Jega, da ya yi karatu a Bayero wadda ita ma reshen Zariya ce tun asali, shi ya gudanar da zaɓen 2015 da gwamnati mai ci ta sha kaye ta miƙa mulki.

Abin alfahari ne, amma kada ƙyallin sama ya hana mu duba ƙasa. Korar dubban ma'aikata a 1975 ta koya wa ma'aikaci cewa gaskiyarsa ba za ta kare kujerarsa ba. Garambawul na 1988, da ya mayar da babban sakatare mai tafiya da tafiyar gwamnatin da ta naɗa shi, ya ƙara raunana sana'ar, ko da yake an janye shi daga baya. Inda abin ya fi ciwo shi ne ƙananan hukumomi, magadan En'e, waɗanda dominsu aka faɗaɗa Kongo tun farko. Bayan gyaran 1976 an ɗora wa jami'o'in Zariya da Ife da Nsukka horar da ma'aikatansu, kuma har yau akwai sashen nazarin ƙananan hukumomi a Kongo. Amma asusun haɗin gwiwa da jihohi ya bar ma'aji da satifiket a hannu, babu kuɗin da zai lissafa sai albashi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. In an aiwatar da shi yadda ya kamata, kowace ɗaya za ta buƙaci ma'aji da mai binciken kuɗi da jami'in tsare-tsare da suka san aikinsu, kuma 419 daga cikinsu a jihohin Arewa da Abuja suke.