Ƙari ko Tsargiya? Sake Duba Kumburin Ƙarshen Laka a Yankunan Noman Rani

Tsakure

Wannan maƙala ta duba cututtukan da ke kama ƙarshen laka da jijiyoyin da ke saukowa daga gare shi. Matsayinta shi ne, a ƙasar da tsargiya ta yi katutu, bai kamata a yanke wa kumburin da hoton MRI ya nuna a wannan gurbi hukuncin ƙari ba, sai an nemi ƙwan tsutsar tsargiya an rasa.

Gabatarwa

A jikin baligi, laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya. Tana tsukewa ne daidai gaɓa ta ɗaya ko ta biyu ta ƙashin tsatso, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba da sauka a dunƙule. Su ne ke riƙe da ƙarfin ƙafafu, da mafitsara, da dubura, da kuzarin namiji. Shi ya sa ƙaramin ciwo a nan kan jawo babbar ɓarna.

Bitar ayyukan da suka gabata

Littattafan tiyata da ake karantarwa da su, waɗanda akasari aka rubuta a Turai da Amurka, sukan sa ƙarin da ake kira ependimoma mai majina a sahun gaba. Kernohan ne ya bayyana shi a 1932, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga shi daga daraja ta 1 zuwa ta 2 saboda yadda yake dawowa bayan an cire. Ba mu da ja a kan wannan.

Inda muke da ja shi ne gurbin da aka ajiye tsargiya. A can ana ambatonta ne a matsayin ciwon matafiya, kuma misalin da aka fi jawowa shi ne na ɗaliban Amurka biyu da ƙafafunsu suka shanye bayan sun yi wanka a ruwan Kenya, wanda aka wallafa a 1984. Ɗan yawon buɗe ido ya shiga ruwa sau ɗaya ya samu shafi a mujalla. Yaron da ke cikin ruwan tun yana rarrafe, shiru kake ji. Alhali bitar Scrimgeour da Gajdusek ta 1985, da aikin Haribhai da abokansa a Durban a 1991, da na Ferrari da Lambertucci a Barazil, duk sun nuna cewa 'yan gida ma ciwon na kama su. Akwai kuma masu cewa Schistosoma mansoni, ta hanji, ita ce mai taɓa laka, don haka inda ta mafitsara ta fi yawa babu damuwa. Gaskiya ne ta hanji ta fi yawa a rahotanni, amma an sha samun ƙwan Schistosoma haematobium a cikin laka, kuma a Arewacin Nijeriya nau'o'in biyu duk suna nan.

Hanyar bincike

An kwatanta siffofin cututtukan kamar yadda aka wallafa su, ta fuskar saurin tasowa, da kamannin hoto, da sakamakon gwaji.

Sakamako

Abin da ya fi rarrabe ƙari da tsargiya ba hoto ba ne, lokaci ne. Mai ependimoma yakan shafe watanni, wani ma shekaru, yana fama da ciwon baya da ke tsananta in ya kwanta da dare, kafin ƙafa ta fara nauyi. Na tsargiya kuwa cikin kwanaki ko 'yan makonni yake gama aikinsa. Ciwo ya taso a tsatso ya sauka cinyoyi, ƙafa ta riƙa ja, sai wata safiya fitsari ya ƙi fita. In likita ya ɗora hannu a mara zai ji mafitsara ta cika ta yi tauri har kusa da cibiya, in ya tsikari fatar da ke tsakanin cinyoyi da kewayen dubura da tsinken allura, majinyaci ba zai motsa ba. Galibi yara maza ne da samari, irin waɗanda ake gani tsamo-tsamo a hanyoyin ruwan Kadawa da ke shan ruwa daga madatsar Tiga, ko a gonakin Bakolori, inda dodon koɗin da ke goyon tsutsar yake hayayyafa.

Dalilin da ya sa ƙwan ke zuwa ƙarshen laka ba wani wuri ba yana cikin tsarin jijiyoyin jini. Tsutsar na zaune ne a jijiyoyin mafitsara da na hanji, su kuma suna haɗe da waɗanda ke kewaye da ƙashin baya, waɗanda Batson ya bayyana a 1940. Waɗannan ba su da marufin da ke hana jini komawa baya. Kamar kwalbati ne marar ƙofa, duk inda matsi ya tura ruwa nan zai bi. Tari ko nishin bayan gida ya isa ya tura ƙwai zuwa can. Ƙwan nau'o'in biyu manya ne, kowanne da ƙaya, ta mansoni a gefe, ta haematobium a ƙarshe, don haka sukan maƙale a ƙasa. Jiki ya kewaye kowane ƙwai da ƙullutun kumburi, ƙullutai su taru, ƙarshen laka ya buɗe. A hoto sai ya yi kama da ƙari, sai dai in an sa maganin haskawa yakan fito ɗigo-ɗigo da zane-zane, alhali ependimoma kan fito dunƙule guda mai iyaka.

Kada rashin fitsarin jini ya ruɗi likita, domin da yawa ba su da shi a lokacin. A tace fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a duba bayan gida fiye da sau ɗaya, in ya ƙi a ɗan gutsuri fatar cikin dubura a sa a madubin gwaji. Ruwan laka kan nuna ƙaruwar furotin da fararen ƙwayoyin jini, wani lokaci har da nau'in iyosinofil.

Lissafin riba da asara ma a fili yake. In aka ba mai ƙari firazikwantel, maganin tsargiya, da sitiroid bisa zato, an jinkirta masa tiyata da 'yan makonni a kan ciwon da ya daɗe yana tafiya a hankali. In kuwa aka buɗe ƙarshen lakar mai tsargiya da wuƙa, ana iya raba yaro da ikon riƙe fitsarinsa har abada, a kan abin da ƙwaya za ta iya kwantarwa in an fara da wuri.

Iyakokin bincike

Dole a yarda cewa wannan nazari ya dogara ne da rahotannin wasu ƙasashe, kuma samun ƙwai a fitsarin ɗan Kadawa ba ya tabbatar da cewa ƙwan ne a lakarsa; yana iya zama da tsargiya da ƙari a lokaci guda. Gwajin jini ma bai da ƙarfi a inda kusan kowa ya taɓa shiga ruwan. Sannan ba a fara sitiroid sai an kawar da zaton tarin fuka na ƙashin baya, wanda hoto kan nuna yana cin ƙashi da faifan da ke tsakanin gaɓoɓi. Faifan da ya zame ya danne jijiyoyi kuwa ba ya cikin wannan magana, nasa tiyatar gaggawa ce. Wanda aka ɗora a kan magani bai samu sauƙi ba, ko ya ƙara taɓarɓarewa, a sake masa hoto a miƙa shi ga likitan tiyatar laka.