Daga Jinin Doki Zuwa Kwamfuta: Tarihin Neman Makarin Dafi

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

A watan Oktoban 2024 aka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai tsakanin mutum uku: David Baker na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka, sai Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin DeepMind a Landan. Da yawanmu mun ga labarin, an ce ƙirƙirarriyar basira ta ci Nobel, muka danna alamar so muka wuce. To yau za mu ja birki, domin wannan labarin ya faro ne tun fiye da shekara 130, kuma idan ka bi zarensa zai kawo ka har gonakin Kaltungo.

Bari mu fara da furotin ɗin kansa, don kada a bar kowa a baya. Ku manta da zancen nama da wake tukuna. A cikin jiki, furotin shi ne ma'aikaci. Shi ke ɗaukar iska a cikin jini, shi ke narkar da tuwon da ka ci, shi ke yaƙar cuta. Dafin maciji ma tarin furotin ne. Kamanninsa kamar carbi yake, ana jera shi da duwatsu iri 20 da ake kira amino asid. Da zarar an gama jerawa sai zaren ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa, kuma siffar nan ita ce aikinsa. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin mun san sikila. A 1956 Vernon Ingram ya gano a Kambirij ta Ingila cewa bambancin jinin mai sikila da na mai lafiya dutse ɗaya ne tak ya canza, na shida a cikin zare mai duwatsu 146. Dutse ɗaya. Duk wahalar da muke gani a gidajenmu da asibitocinmu daga nan ta taso.

Antibodi kuma wani nau'in furotin ne da jiki ke ƙerawa idan baƙon abu ya shigo. Yana zuwa ya manne wa baƙon kamar yadda makulli ke shiga kwaɗonsa, ya hana shi ɓarna.

A 1890, a birnin Balin na Jamus, Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo ɗan Japan suka nuna cewa idan dabba ta saba da gubar wata cuta, ruwan jininta zai iya kare wata dabbar. Ba su san siffar abin da ke cikin jinin ba, sun dai ga yana aiki. Wani likitan Faransa, Albert Calmette, wanda ya fara binciken dafin gamsheƙa a Saigon, ya ɗauki dabarar ya kai ta kan maciji. Tsakanin 1894 da 1895 ya samar da makarin dafi na farko. Hanyar ita ce a riƙa yi wa doki allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya ƙera antibodi, sannan a ɗebi jininsa a tace. Calmette ya ɗauka makarinsa zai yi wa kowane maciji. Vital Brazil, likita a São Paulo, shi ya nuna ba haka abin yake ba: makarin gamsheƙar Asiya bai yi wa macizan Brazil komai ba, kowane dangin maciji da nasa. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Abin da zai ba ku mamaki, har gobe da wannan hanyar ake yin makarin dafi. An inganta tacewa, amma doki ne ko tunkiya. Shi ya sa yake da tsada, shi ya sa wasu ke samun mummunan borin jini bayan an yi musu, domin furotin ɗin dabba ne aka zuba a jikin mutum.

To me ya hana a ƙera antibodin kai tsaye? Ba a ganin siffar furotin, shi ne matsalar. Max Perutz ya fara neman siffar himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, a 1937. Sai da ya shafe fiye da shekara 20 kafin ya gan ta. Abokin aikinsa John Kendrew ya riga shi da kaɗan, a 1958 ya fitar da siffar wani furotin da aka ciro daga naman dabbar teku. Dole sai an daskarar da furotin ya koma kamar ƙwayar gishiri, a haska masa hasken ɗaukar hoton ƙashi, sannan a zauna a yi ta lissafin ɗige-ɗigen da suka fito. Ɗalibi kan ƙarar da digirinsa na uku kacokan a kan furotin guda.

A 1971 aka yi wani abu da ni a ganina ya fi duk kyaututtukan Nobel ɗin da za mu ambata nauyi, amma ba kasafai ake zancensa ba. Masu bincike suka buɗe rumbu ɗaya mai suna Protein Data Bank a Brookhaven ta Amurka, suka ce duk wanda ya gano siffar furotin ya kawo ya ajiye, kowa ya ɗauka kyauta. Da siffofi 7 aka fara. Aka yi ta tarawa kamar adashe, shekara bayan shekara, har suka haura 200,000 a 2023. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan wahalar ba wanda zai taɓa jin sunansu.

Masu neman antibodi ba su zauna jiran a ga siffa ba. A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda za a sa ƙwayar halitta ta yi ta fitar da antibodi iri ɗaya ba iyaka. A 1985 George Smith ya kawo dabarar rataya furotin a jikin wani ƙaramin bairos, Gregory Winter kuma ya yi amfani da ita wajen tara miliyoyin antibodi daban-daban a tankaɗe su har a sami wanda ya kama. Ta wannan hanyar aka samo maganin Humira na ciwon gaɓoɓi, wanda aka amince da shi a 2002, wanda kuma cinikinsa ya haura dala biliyan 20 a 2021 kaɗai. Frances Arnold ita ma a 1993 ta nuna za a iya inganta furotin ta hanyar yi masa sauye-sauye barkatai, a zaɓi wanda ya fi, a sake maimaitawa, kamar yadda manomi ke ware irin shuka kowace kaka. Su uku, Arnold da Smith da Winter, suka karɓi Nobel a 2018. Amma duk wannan lalube ne. Kana da buhun makullai, kana gwada su ɗaya bayan ɗaya a kwaɗo.

Burin masana shi ne a dubi jerin duwatsun kawai a faɗi yadda zaren zai naɗe. Christian Anfinsen ya riga ya nuna cewa sirrin naɗin yana cikin jerin, ya karɓi Nobel a 1972. Faɗa da baki ke da sauƙi. Hanyoyin da zare ɗaya zai iya lanƙwashewa sun fi ƙarfin ƙidaya. A 1994 John Moult da abokansa suka kafa gasa mai suna CASP, duk bayan shekara biyu. Za a ba ka jerin furotin da aka riga aka gano siffarsa amma aka ɓoye, kai kuma ka yi hasashe da kwamfutarka, sannan a buɗe a gwada. Ba kuri, ba cika baki, sai sakamako. Wallahi da za a kawo irin wannan jarrabawar cikin alƙawuran kamfen, da mun huta.

An shafe shekaru ana tafiyar hawainiya. Ɗaya daga cikin masu shiga gasar shi ne David Baker da manhajarsa Rosetta. Shi ne ya juya tambayar: maimakon a ba ni jeri in faɗi siffa, bari in zana siffar da nake so, kwamfuta ta nemo mini jerin. A 2003 ɗakin bincikensa ya fitar da Top7, furotin mai duwatsu 93 da siffar da ba a taɓa gani a wata halitta ba. Ba ya maganin komai. Ya dai tabbatar da cewa ana iya ƙerawa.

Sai DeepMind ta shigo gasar a 2018 da AlphaFold ta zo ta ɗaya. A 2020 ta dawo da AlphaFold2, ta sami maki kusan 92 cikin 100 a tsakatsakin sakamako, wato hasashenta a yawancin lokuta ya yi kusa da abin da ake samu a ɗakin gwaji. Yaya aka yi? Ba a zauna an rubuta mata dokokin naɗi ɗaya bayan ɗaya ba. Misalai aka tula mata, siffofi kusan 170,000 daga rumbun nan na 1971, tare da ɗimbin jerin furotin na halittu daban-daban, ta yi ta hasashe ana gyara mata har ta kama salon. Wannan shi ake nufi da koyon na'ura. Yaron da ya tashi a gidan maƙera, tun bai san sunan kayan aiki ba idonsa ya san ƙarfen da ya nuna. To haka. A 2021 aka saki manhajar ga kowa, a 2022 kuma aka wallafa hasashen siffofi fiye da miliyan 200 a intanet, kyauta. Ɗalibin da ke Zariya ko Maraɗi zai iya buɗewa yau da wayarsa.

Don haka idan wani ya ce maka na'ura ta yi cikin mintuna abin da ya gagari mutane shekara 50, ka ce masa gumin mutanen nan na shekara 50 ta sha ta ƙoshi. Da kowane ɗakin bincike ya kulle nasa a durowa, da babu abin da za ta koya.

Daga nan ɓangaren Baker ya rungumi koyon na'ura gadan-gadan. A 2022 suka fitar da ProteinMPNN, mai nemo jerin da zai ba da siffar da aka zana. A 2023 sai RFdiffusion, wadda ke aiki da irin dabarar manhajojin nan masu zana hoto: ta fara da hargitsi, ta yi ta gyarawa har siffa ta fito. Ka nuna mata kwaɗo, ta ƙera makulli. A 2024 suka ba da labarin ƙananan antibodi na farko da aka zana daga tushe da ita. Irin waɗannan ƙananan antibodin, ku ji, a jinin raƙumi aka fara gano su, masu bincike a Beljiyam suka wallafa a 1993. Na farkon da kwamfuta ta zana ba su kama da ƙarfi sosai ba, kuma cikin ɗimbin da aka gwada kaɗan ne suka yi aiki, sai da aka koma ɗakin gwaji aka ƙara inganta su. Masu tallan fasaha ba su cika son faɗar wannan ɓangaren ba.

Yanzu mu dawo kan maciji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sarar maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Su wa take kashewa? Manomi, makiyayi, yaron da aka aika itace. Mutanen da ba su da kuɗin da kamfanin magani zai yi zawarcinsu. Kamfanin Sanofi Pasteur ma ya daina yin makarinsa na Afirka, Fav-Afrique, na ƙarshensa ya lalace a 2016.

A Janairun 2025 mujallar Nature ta wallafa aikin Susana Vázquez Torres daga ɗakin Baker, tare da Timothy Jenkins na Denmark da wasu. Sun yi amfani da RFdiffusion suka zana ƙananan furotin da ke manne wa gubar dangin gamsheƙa, wadda ke shanye jijiya har numfashi ya tsaya. An ba ɓeraye gubar da ta isa kisa, kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa sabon makarin suka rayu. Ba doki, ba tunkiya, ƙwayoyin bakteriya ake sa wa su ƙera shi. Kuma yana jure zafi, wanda duk wanda ya san halin wutar lantarki a asibitin karkara ya san darajar wannan.

Labari mai daɗi, amma mu tuna da Vital Brazil. Macijin da ya fi kai mutane asibitin masu sarar maciji na Kaltungo a jihar Gombe shi ne kububuwa, kuma dafinta wani iri ne daban. Ita jini take hana wa daskarewa. Shi ya sa ma'aikacin lafiya ke ɗiban jinin wanda aka sara ya zuba a kwalba ya jira minti 20, idan bai daskare ba ya san dafi ya shiga. Makarin da aka zana a Seattle ba wannan gubar ya nufa ba. Masu binciken suna da hujjarsu, domin gubar gamsheƙa ƙarama ce, jikin doki ba ya ƙera mata antibodi sosai, a nan tsohon makari ya fi rauni. Ba laifi suka yi ba. Sai dai na'ura ba ta zaɓar kwaɗon da za ta ƙera wa makulli, mutum ne ke nuna mata, kuma mai kuɗin bincike ne ke nuna wa mutumin. Shin a cikinmu wa ke zaune a wurin da ake wannan zaɓin?

Ba wai ba mu da masana ba. Tun shekarun 1970 David Warrell ya yi binciken sarar kububuwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero kuma ya shafe shekaru a kan wannan matsalar, sunansa sananne ne a duniyar masu binciken dafi. Amma ku dubi hanyar da makarin EchiTAb, wanda aka yi musamman domin macizanmu, ya bi kafin ya iso hannun majinyaci. A Najeriya aka kama macizan. Aka kai su Libaful ta Ingila aka tatsi dafinsu. Aka yi wa tumaki allura a yankin Wales, aka yi wa dawaki a Kosta Rika. Sannan aka ɗuro makarin a kwalabe, aka sayo shi da kuɗin waje, ya hau jirgi ya dawo Kaltungo.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.